Turancin Ƙofar Baya

Ku yaran da kunka kafa rumfar buga sitika kusa da tawa a tashar Sabon Birni, na ji abin da kuke cewa. Wai rubutun mota ba aiki ba ne: a latsa, a buga, a manna. To madalla. Ran Juma'a na ga aikin ɗayanku. Dattijo ne mai furfura bisa babur, za shi masallaci, an manna masa IDIOT a baya da jan harafi, bai san abin da ya goyo ba. Na tambayi wanda ya manna, ya ce a waya ya gani, kuma kalar ta yi kyau. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku abin da na sani, ko da ƙosai za a naɗe da takardar. Ni a aji biyu na sakandare na tsaya, ba don na ƙoshi ba. Turancina bai kai in nemi aikin ofis da shi ba, amma ya kai in san kalmar da ke sa mutum biyu su daina gaisawa.

A Isa na koyi aiki, wurin wani Bayarabe da ake kira Baba Lamidi, Allah shi jiƙan shi. Na daɗe ina wankin burushi da kananzir kafin ya bari in taɓa fenti. Aikin farko da ya ba ni allon wani mai shayi ne. Na tsoma burushi har wuya, na ɗora, fenti ya yi ta hawaye har ƙasan allo. Baba Lamidi ya duba ya ce, "Rubbish." Ya miƙo mini tsumma. Na fara bayani, wai iska ce. Ya ce, "Nonsense." Washegari na sake tsoma burushi har wuya, ya ce, "Stupid." Ran da ya iske ni ina barci ƙarƙashin tirela, gwangwanin fenti buɗe ya yi fata, ya ce, "Useless."

Nan makarantata take. Rubbish aikinka aka zaga, kai kana nan lafiya, share ka sake. Nonsense maganarka ce aka zubar. Stupid ya shigo cikin kai, amma na ranar ne, gobe kana iya wayewa. Useless ya fi su nauyi, don shi ya ce ko ka waye ba a ga abin da za a yi da kai ba. Kowace sai da anka auna ta a kaina kafin in auna ta a kan ƙarfe. Kuma da yake ni Bagobiri ne, tsakanin Bagobiri da Bayarabe kuwa akwai wasa, ni ma ina ramawa. In ya ce useless, in ce, "Na ji, bawan kakana." Ya jefo ni da tsumma, a ci gaba da aiki. Shi ya sa da wani direba daga wajen Maraɗi ya zo in rubuta masa zagi da Faransanci na ƙi. Na ce masa abin da ba a taɓa faɗa mini ba, ban san nauyinsa ba, ba ni ɗora wa wani.

Kayan aiki ba su da yawa, sanin su ne da wuya. Samfefa ta goge tsatsa, don fenti bai zama bisa ƙazanta. Zare da ake shafa wa bula, a ja a saki, ya bar layi. Alli na fitar da harafi. Burushi mai faɗi na cika ciki, siriri na gyara gefe, da wani da Baba Lamidi ke ɗaurawa da kansa da gashin wutsiyar doki. Sai sanda mai ƙullin tsumma a kai, da ake dafa hannu bisanta kada ya yi rawa. Fenti a gwangwanin madara ake dama shi. Ya yi ruwa ya yi kuka, ya yi kauri ya tsage in rana ta buga. Wanga duk kuna iya koya in kuna da haƙuri, wanda ba ku da shi. Abin da na'ura ba ta yi shi ne tambayar da nake wa duk wanda ya zo neman kalma mai zafi: wa za ka jefa?

Don kowace tana da mai ita. Gaban mota na Allah ne da iyaye, can ake rubuta addu'a da godiya. Ƙofar baya kuwa ta abokin gaba ce. Mai mota bai ganin ta, wanda aka bari a baya ke karantawa. Kuma da Turanci ake so, ba don direbobinmu sun iya shi ba. In ka rubuta wa mutum sakarai da Hausa, kafin azahar kuna gaban sarkin tasha. In ka rubuta da Turanci aka tambaye ka, sai ka ce ado ne. Kowa ya san ba ado ba ne, kowa ya san da wa ake, amma ba mai shaida. Mafi muni, wanda anka jefa shi zai ɗauko abin da ƙafarsa ya je neman fassara. Ya yi sallama, ya roƙi a gaya masa yadda anka raina shi, ya kuma yi godiya. Al'adar ita ce ba a ramawa da baki. Sai ka kawo taka ƙofar a rubuta amsa. Wanga ya sa SHUT UP, wancan ya sa WHO ARE YOU, ni kuwa in ci tuwo daga ɓangare biyu. Na taɓa raka faɗan direbobi biyu har ƙofofinsu sunka yi kauri da fenti, su kuma suna shan shayi tebur ɗaya.

Kalma ɗaya ce Baba Lamidi bai taɓa jefa ni da ita ba. Na ji ta bakinsa ran da wani ɗan'uwansa ya ci amanarsa. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Nonentity," ya ci gaba da dama fenti, kuma har ya bar duniya ban sake jin sunan mutumin a bakinsa ba. Da na tambaya ya ce, "Ɗan Gobir, zagi jifa ne, sai ka ga mutum kake jifarsa. Wannan kuwa cewa ne ka duba wurin ba ka ga kowa ba."

Sau ɗaya na rubuta ta, kuma a ƙofar Alhaji Bawa ne.

Alhaji Bawa tsohon direba ne a tasharmu, mai wata a-kori-kura da ta tsufa tare da shi. Shi ya koya wa Ilo mota. Ilo ya zo hannunsa bai san birki da totur ba, ya yi masa yaron mota har ya kai ga sitiyari, ya yi aure, ya haifu, daga baya Allah ya buɗa masa ya samu babbar motar kaya, kanta, wadda ta fi ta maigidansa girma da lafiya. To akwai doka a hanya, ba a rubuce take ba. Wanda ya koya maka mota ba ka wuce shi sai ya fiddo hannu ta taga ya ba ka izini, ko da tafiyar kunkuru yake. Wata ranar kasuwa, wajen Unguwar Lalle, Ilo ya isko Alhaji shina jan jiki. Ya bi shi, ya bi shi, hannu bai fito ba. Ilo na ɗauke da raguna, rana ta take, sun fara faɗuwa. Ya danna oda ya wuce. Shi ya ce odar gaisuwa ce. Alhaji ya ce odar kora ce, irin wadda ake wa jaki.

Da la'asar sai ga Alhaji a rumfata, ya juyo mini bayan mota.

"Jatau, kalma nika so."

"Wa za ka jefa, Alhaji?"

"Ka sani."

Na sani kam, tasha duk ta sani. Na fara jero masa daga masu sauƙi. Na ce akwai SMALL BOY, yaro ƙarami, ta dace, kuma tana da ƙofa, don yaro na girma. Ya ce shi bai zo yabon kowa ba. Na ce akwai STUPID. Ya ce, "Ni na koya mai, in ya zama wawa wa anka zaga?" Ka ji tsoho, bai yi boko ba amma ya san inda jifa ke dawowa. Na ce USELESS. Ya ce, "Wanda ke da kanta ka ce ma marar amfani? A yi mini dariya? Ba ni wadda babu magana bayanta."

Na gaya masa ita, na gaya masa ma'anarta kamar yadda anka gaya mini. Na ce, "Alhaji, wagga ba ta da amsa hwa. Wagga in ta hau, ba ta wasa ba ce."

Ya ce, "Mi kaka jira? Dama fenti."

Ni ɗan kasuwa ne, ba alƙali ba. Na goge ƙofar har ƙarfe ya fito, na shimfiɗa baƙi, na jira ya sha iska, na ja layi, na zauna na fitar da haruffan da fari, na yi musu inuwa da ja. Ba don ni na yi ba, amma ban taɓa aiki mai kyan wancan ba. Daga bakin tasha kana karanta shi.

Ilo ya zo, kamar yadda kowa ke zuwa. Ya yi sallama, ya zauna bisa benci, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "Malam Jatau, mi anka rubuta?"

Ban iya zagaye-zagaye ba. Na ce, "An ce kai ba kowa ba ne. Ba wawa ba, ba mugu ba. Babu kai dai."

Ya dubi gwangwanayen fenti. Ni kuwa na riga na fara tunanin amsar da za ni sayar masa, har na ɗauko alli. Na ce, "Kawo kantar gobe da safe. Ƙofarka ta fi tasa faɗi."

Ya ce, "Wanda babu shi, da wane baki za shi magana?" Ya yi godiya ya tashi. Ƙofarsa ta zauna fes, ba ko ɗigo. Ban taɓa ganin rowa irin wannan ba.

Ku da kuke ganin rubutu ado ne, ku ji abin da ya biyo baya. A tasha ba a tambayar direba takarda. 'Yan kasuwa kafin su ɗora maka buhu tambaya ɗaya suke: yaron wa? Masu hatsi na Kamarawa sun saba ba Ilo kaya don yaron Alhaji Bawa ne. Da sunka ga rubutu sunka je wurin Alhaji, ya ce, "Wane Ilo? Ban san shi ba." Bai ce ɓarawo ne ba, bai ce bai iya tuƙi ba. Da ya ce haka ma da an yi gardama an sasanta. Amma mutumin da maigidansa bai san shi ba, wa zai ba shi dukiya ya shiga daji da ita? Ilo ya koma jidar yashi da itace da kantarsa mai kyau. Kullum da safe yakan je ya durƙusa ya gai da Alhaji, Alhaji ya ci gaba da jan carbi kamar iska ce ta gitta. Dattawan tasha sun sa baki, Alhaji ya ce shi bai yi faɗa da kowa ba, a nuna masa wanda ake cewa ya yi faɗa da shi.

Ana haka shekarar wahala ta shigo. Ba sai na gaya muku ba, wasunku a shekarar iyayensu sunka baro ƙauye. 'Yan bindiga sunka riƙe daji, hanyar Isa ta zama sai da addu'a, anka kafa shingaye na masu kaki. Su kuwa masu kaki sun iya karatu. Wani direba mai WHO ARE YOU ya iso shinge, anka sauke shi, anka ce tunda ya tambaya za a gaya masa, ya yi tsallen kwaɗo gaban fasinjojinsa har ya kasa taka totur. Kafin mako ya zagayo rumfata ta cika, amma ba masu neman rubutu ba. Gogewa. Duk abin da na zauna na tsara shekara da shekaru, ni na bi shi da burushi mai faɗi na shafe. Aikin da jaki zai iya in an ɗaura masa burushi a wutsiya. Bayan nan kuma shiru, ba rubutu ba gogewa. Fenti ya bushe a gwangwani, na koma zanen lambar ɗaki a makaranta da shafa wa masu shago ƙofa. Mutum ɗaya ne bai kawo tasa an goge ba, Alhaji Bawa. An yi masa magana ya ce, "Da wa nika? Wanda ya ga da shi nika, shi faɗa."

Motoci sunka koma tafiya ayari, ran kasuwa kawai, masu rakiya a gaba. Sarkin tasha ke jera su, kuma dabararsa ita ce duk tsohuwar mota a sa mata a baya wanda ya san ciwonta. Wa ya san ciwon a-kori-kurar Alhaji Bawa? Da, rubutun sai an wuce ka kake ganin shi, ƙura ta rufe. Yanzu kuwa daga Sabon Birni har Isa, kowace kasuwa, Ilo na bayan ƙofar nan, farin harafi da jar inuwa na cikin gilashinsa. Dokar ayari kuwa ɗaya ce: ba tsayawa. Wanda motarsa ta mutu, na baya ya kwashi mutane in ya iya, a bar ƙarfe ga Allah.

Ranar da abin ya faru ina gaban kantar Ilo, za ni Isa shafa wa wani mai kemis allo. Tsakanina da shi wata tsohuwa ce mai daddawa, ƙwaryarta bisa cinya. Da hantsi ne. Mun shiga wurin da ba a so, inda itatuwa sunka matso hanya kuma ba ka ganin gona ko ɗaya da anka noma, sai motar Alhaji ta yi tari, ta fitar da baƙin hayaƙi, ta fara sanyi. Na gaba sunka ci gaba da tafiya. Na bayanmu sunka fara kaucewa suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, wuce! Ina da jikoki!"

Ni na san lissafin da ke kan Ilo. In ya tsaya ya ce a hau, fasinjojin za su hau, amma Alhaji ba zai shiga motar wanda bai sani ba, kuma ba zai bar tasa ba. In ya wuce, ya sake wuce maigida, wannan karon a bakin kura.

Sai hannu ya fito ta taga. Hannun Alhaji, da carbi naɗe a wuyansa. Ya kaɗa shi gaba, ya sake kaɗawa da ƙarfi.

Tsohuwa ta ce, "Ga shi nan ya ba ka hanya! Wuce, don Manzon Allah!"

Ilo ya leƙa ta taga ya daka wa matan da ke bayan a-kori-kura tsawa su janye ƙafafunsu. Akwai tsohuwar taya rataye a gaban kantar. Ya sauke giya, ya matsa a hankali, ya ɗora tayar nan daidai tsakiyar rubutuna. Na ji ƙarfe ya yi ƙara har cikin haƙorina. Ya taka totur.

Hannun Alhaji na waje shina ta kaɗawa, yanzu kam ba izini ba ne, faɗa ne. Da ya ga mota na tafiya dole ya mai da shi ya kama sitiyari. Haka munka ratsa dajin nan, mu kaɗai, ayari ya ɓace mana. Duk rami sai an rabu a sake haɗuwa, duk haɗuwa sai na ga harafi ya tashi. Tsohuwa ta gama salati ta koma zagin Ilo, ta gama da shi ta dawo kaina, wai ni da nake namiji na zauna kamar buhu. Ƙwaryar daddawa kuwa a jikina ta ƙare. Mun ji ƙarar babura can cikin itatuwa, ko nasu ne ko na bayin Allah ban sani ba, kuma ban leƙa ba.

Da munka shiga tashar Isa mutane sun riga sun taru, don waɗanda sunka wuce mu sun kai labari. Masu hatsi na nan, 'yan kamasho na nan. Alhaji ya fito, ya zagayo ya dubi ƙofarsa. Ta lotsa ciki kamar kwano, baƙin fenti da fari duk sun koma jikin taya. Ilo ya sauko ya durƙusa inda ya saba durƙusawa, kai ƙasa.

Alhaji ya ce, "Kai! Kai Ilo!"

Bai jira amsa ba, ya ɗora.

"Ran da ban ba ka hannu ba ka wuce, yau na ba ka hannu ka ƙiya! Kurma ne kai ko makaho? Ka ɗauko ran mutane ka tsaya turin gwangwani cikin daji! Kuma haka nac ce a yi turi? Sau nawa za ni gaya ma a bi rami da kulochi? Jama'a ku gane mini, wanga sakarai ni na koya ma mota! Ni Bawa, da hannuna!"

Ilo ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Alhaji."

"Rufe mini baki! Tashi ɗauko sifana ka shiga ƙarƙashi, famfon mai ne, kai ma ka sani."

Ilo, mai kanta guda, ya tuɓe riga ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin a-kori-kura. Kafin ya fito, wani mai hatsi na Kamarawa ya tsuguna wajen ƙafafunsa shina tambaya ko akwai wuri in za a koma.

Ni ina gefe ina kakkaɓe daddawa daga riga. Alhaji ya juyo ya gan ni. Na ɗauka zai ce in an buga ƙofar ta miƙe in zo mu yi magana. Ya sa ɗan yatsa ya kankare abin da ya rage na jar inuwa, ya duba farcensa, ya ce, "Kai kuma Jatau, fentinka na banza ne. Turi ɗaya ya tashi."